Miya Ba Nama: Sirrin Daddawa a Idon Kimiyya

Shin mai karatu ya taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa miyar kuka kan yi armashi ko babu nama, muddin akwai daddawa a cikinta? Amsar tana ga wani sinadari da ake kira gulutamet.

A shekarar 1908 ne wani masanin kimiyya na Jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya tace wannan sinadari daga wata ciyawar teku da mutanen Japan ke yin romo da ita. Ya lura cewa ɗanɗanonsa ya bambanta da zaƙi da tsami da ɗaci da na gishiri, sai ya raɗa masa suna umami. Shi ne garɗin nan da harshe kan ji a romon nama.

Ita kalwa cike take da furotin. Idan aka dafa ta, aka rufe kwana biyu zuwa uku, wasu ƙwayoyin bakteriya sukan farfasa furotin ɗin, gulutamet ya fito fili. Tumatir ma yana da shi, kuma shanya shi kan ƙara masa ƙarfi. Busasshen naman kaza kuwa yana ɗauke da wani sinadarin da ke ninka wannan garɗi idan sun haɗu a tukunya.

Sai dai garɗi daban, gina jiki daban. Wanda ya ƙaurace wa nama da kifi da nono da ƙwai baki ɗaya, wajibi ne ya nemi bitamin B12 a ƙwayar magani, domin rashinsa kan jawo ƙarancin jini da lahani ga jijiyoyi.