Rigar Suna Ko Ta Baftisma: Ɗinki Ɗaya, Yara Da Yawa

'Yan uwa mata, sau nawa mace ke cin rance a asusu don rigar da jariri zai sa kwana ɗaya tak? Ko ranar suna ce, kwana bakwai da haihuwa, ko ranar baftisma a coci, ba dole sai ta kanti ba. Rigar da kika ɗinka da hannunki za ta iya kaiwa ga ƙannensa, har jikoki.

Ki nemi farin yadin auduga mai laushi, yadi 1 da rabi, da zare, allura siririya da almakashi. Ki guji mai santsi irin na roba, yana sa zufa da ƙuraje. Kafin ki yanka, ki wanke shi ya bushe, don auduga tana tsukewa a wankin farko.

Ki yanka rigar da yalwa, saboda sau da yawa cibiya ba ta gama warkewa ba, kuma yara ba girmansu ɗaya ba. Buɗewar ta kasance a baya, da 'yan igiyoyi maimakon maɓalli. Maɓalli na danne jariri, in ya tsinke kuma yaro na iya haɗiye shi.

Wajen haɗawa, ki yi ɗinki biyu. Na farko ta fuskar waje, ki rage bakin da almakashi, sai ki juya ki sake bi ta ciki. Kin ga bakin yadin ya ɓuya, ba zai zare ba, ba zai karce fata ba. A ƙasa ki bar kalmasa inci 2, don a ƙara tsawo nan gaba.

To, ajiya ita ce rabin aikin. Ki wanke da zarar an gama biki, don tabon nono in ya daɗe rawaya yake komawa. Kada ki sa sitaci, ƙwari na binsa. Ki naɗe a tsohon zane mai tsabta, ban da leda, domin tana riƙe danshi. Duk shekara da hunturu ki fitar ta sha iska.

A taron mako, ku tattauna: in kuka haɗa kuɗi kuka sayi yadi a sari, zai fi sauƙi. Wadda ta iya ta koya wa saura. Kuɗin rancen kuma ya tafi ga jari.