Me Ke Kashe Mata a Asibiti Wurin Haihuwa?

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ji ana cewa, "An kai ta asibiti, can ta cika." Daga nan sai wasu su ce zuwa asibiti ba shi da amfani. Bari mu duba yadda abin yake.

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa fiye da 22,000 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya tarar matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya riga ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa, nesa ba kusa ba. Haɗarin ya fi tsanani kuma ga yarinya 'yar shekara 15 ko ƙasa da haka, da macen da ta haihu sau da yawa.

Ga manyan abubuwan da ke kisa:

1. Zubar jini bayan haihuwa. Yana iya gamawa da mace cikin awa 2, balle wadda dama ba ta da isasshen jini.
2. Jijjiga. Hawan jini ke kawo ta. Alamunta su ne kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi.
3. Doguwar naƙuda. In ta wuce awa 12, a tafi asibiti. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, sai dai ya jawo zubar jini da yoyon fitsari.
4. Zazzaɓi da ruwa mai wari bayan haihuwa, wato ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa.

Dukansu suna da magani in an zo da wuri. Abin da ke cin mu shi ne jinkiri iri uku: a gida ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini, a hanya ana neman mota, musamman da damina, a asibiti kuma ana neman kuɗi, ko jini, ko ma'aikacin da ya san aikin. Gaskiya ne, wani asibitin ba wuta, ba jini a ajiye. Saboda haka ku san tun yanzu wane asibiti kusa da ku ke yin tiyata da ƙarin jini.

Ƙungiya tana da abin yi. Da kaka a ware buhu ɗaya ko biyu domin asusun haihuwa. A shirya da direba wanda za a iya tasa ko da tsakar dare. A rubuta sunayen masu lafiya da za su ba da jini. Kowane magidanci ya bar izini a gida, ya kuma ga matarsa ta je awo, gama tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je aƙalla sau 8.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa wannan magana cikin taronku na wata mai zuwa.