Zangon Da Ke Kwance Da Na'urorin Da Ke Sauraro Tare

Tun watan Disambar 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon 3.5 GHz, kamfanonin MTN da Mafab suka saya kan dala miliyan 273.6 kowannensu, masu sharhi ke ta nanata cewa zangon rediyo, wato hanyoyin da saƙon waya da talabijin ke bi a iska, ya kusa ƙarewa. A takardun lasisi ne ya ƙare, domin tashoshi da dama da aka raba suna kwance babu mai watsa komai a kansu, musamman a karkara.

A 1999 Joseph Mitola da Gerald Maguire suka gabatar da rediyo mai basira, na'urar da ke sauraron iska, ta ari tashar da ta ji shiru, ta kauce da zarar mai lasisi ya dawo. Cikas ɗin shi ne dushewar sigina, abin da duk mai sauraron gajeren zango ya sani, inda murya ke tafiya tana dawowa. Igiyoyin da suka bugi gine-gine kan iso ta hanyoyi daban-daban su kashe juna, tsauni kuma kan tare su gaba ɗaya, sai na'urar da ke bayansa ta ɗauka tashar babu kowa, ta shiga ta ɓata wa maƙwabta kallo. Maganin shi ne sauraron haɗin gwiwa, inda na'urori a wurare mabambanta ke aika abin da suka ji zuwa cibiya guda, wadda sau da yawa kan hana shiga ko da na'ura ɗaya ce ta ji motsi, tunda da wuya dushewa ta same su duka lokaci guda. Sai dai in sun cunkushe a bayan tsauni ɗaya, yawansu bai tsinana komai ba.

Abin da aka cika mantawa shi ne cewa hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, wadda ta buɗe guraben zangon talabijin a 2008, ta janye wajabcin sauraro a 2010 ta dogara ga rumbun bayanan da ke nuna inda kowace tasha take. Wannan tsari ba ya tsayawa sai da rajista sahihiya, don haka kwaikwayonsa ido rufe ganganci ne a ƙasar da ta fara sauya talabijin zuwa dijital a Jos tun 2016 amma aikin ke tafiyar hawainiya. Ya kamata NCC da hukumar kula da kafafen watsa labarai ta NBC su fita da na'urorin awo jiha-jiha, su wallafa sakamakon, jami'o'i kuma su samu abin gwaji.