KOYON TURANCI: "NO" BIYU A JIMLA ƊAYA

A watan Mayu na shekarar 2021 wani jirgin ruwa ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski. Mutanen da ke cikinsa sun haura ɗari, kaɗan ne suka tsira. Jami'ai sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. Saboda irin wannan asara, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, watau NIWA, take yawan nanata wata gajeriyar jimla ta Turanci: No life jacket, no boarding.

Yadda ake faɗinta shi ne "no laif jaket, no bodin". Kalmar no tana nufin babu. Life jacket ita ce rigar nan ta kariya da ke hana mutum nutsewa. Boarding kuwa shi ne shiga jirgi. In aka haɗa su, ma'anar ita ce: in babu rigar kariya, babu shiga jirgi.

Wannan jimla ba ita kaɗai ba ce. Tana da 'yan uwa da yawa, duk zubinsu ɗaya. Ana fara ta da no, a kawo abin da ake so mutum ya zo da shi ko ya aikata. Sai a sa waƙafi, a sake cewa no, a kawo abin da shi mutumin yake nema. Sashen farko sharaɗi ne. Sashe na biyu shi ne abin da za a hana shi in bai cika sharaɗin ba.

Wanda ya gane wannan zubi ya gane jimloli masu yawa a lokaci guda. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, an yi ta liƙa takarda a ƙofofin bankuna da ofisoshi: No mask, no entry. Watau in babu takunkumin rufe baki da hanci, babu shiga. Da zaɓen 2023 ya gabato, hukumar zaɓe ta INEC ta ce No PVC, no voting. PVC shi ne katin zaɓe. Wanda ba shi da kati, ba zai jefa ƙuri'a ba.

To, a nan ne Bahaushe yake bukatar ya buɗe ido, domin Hausa ma tana da irin wannan magana mai "ba" biyu. Ana cewa ba dare ba rana, ba shiga ba fita, ba ci ba sha. Amma a waɗannan babu sharaɗi. Abu biyu ne aka kore su gaba ɗaya. Saboda haka sabon mai karatu zai iya ganin jimlar NIWA ya fassara ta da irin tunanin Hausa, ya ce ai an rubuta babu rigar kariya, kuma babu shiga jirgi. Sai ya juya gida da buhun albasarsa, yana zaton an hana tafiya a ranar. Alhali ba haka aka ce ba. Cewa aka yi ya sa rigar, sannan ya shiga.

Sai kuma a lura da wanda aka fara ambata, don in aka juya jimlar, magana ta canja baki. A shekarar 2022 malaman jami'o'i na ƙungiyar ASUU sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Gwamnatin tarayya ta riƙe albashinsu, tana cewa No work, no pay: in babu aiki, babu biya. Ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa kuma yakan juya ta ya ce No pay, no work: in babu biya, babu aiki. Kalmomin ba su canja ba, wuri kawai suka sake. Ta farko maganar mai ba da aiki ce, ta biyu maganar mai yin aikin. Duk leburan da za a sa shi ya dangwala hannu a wata takarda, ya kamata ya san wacce aka rubuta a ciki.

Shin kullum no biyu sharaɗi ne? A'a. Wani lokaci Turanci ma yakan yi irin na Hausa. Da yaƙin basasa ya ƙare a watan Janairu na 1970, shugaban ƙasa na lokacin, Janar Yakubu Gowon, ya ce No victor, no vanquished. Watau ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Haka nan allon bakin titi mai cewa No parking, no waiting. Hani biyu ne aka jera: kada a ajiye mota, kada a tsaya jira.

Yaya za a bambanta su? Hanyar mai sauƙi ce. Mutum ya fassara sashen farko, ya sa "in babu" a gabansa, ya ji ko maganar ta zauna. "In babu kati, babu zaɓe" ta zauna daram, saboda haka sharaɗi ne. "In babu ajiye mota, babu jira" kuwa ba ta da kan gado, saboda haka hani biyu ne.

Abin daɗi da wannan zubi shi ne ba ya bukatar dogon Turanci. Mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Yelwa, in baƙo daga kudu ya nemi bashi, kalma huɗu sun ishe shi: No money, no fish. Money kuɗi ne, fish kifi. Mai albasa sai ya cire fish ya sa onions. Ɗan makaranta zai iya jan ta ya ce If you have no money, you will get no fish, amma ma'anar ɗaya ce, kuma a kasuwa ba wanda ke da lokacin wannan.

Sai dai magana ce mai kaushi, ta yanke hukunci. Ba ta dace da babba ba, ko abokin ciniki na shekara da shekaru. In ya zama dole a faɗa masa, gara a fara da sorry, watau yi haƙuri, a kuma sassauta murya.

Akwai guda ɗaya da manoman rani na Shanga da Ngaski ya kamata su haddace, domin wasu masu shaguna sukan rubuta ta a bango ko a ƙasan takardar ciniki: No receipt, no refund. Receipt shi ne rasit, kuma harafin p ɗin nan ba a furta shi, "risit" ake cewa. Refund shi ne mayar wa mai saye da kuɗinsa. Manomin da ya sayi injin ban-ruwa ko na feshi, ya kai gida ya tarar ba ya aiki, abin da za a fara tambayarsa in ya koma shagon shi ne wannan 'yar takarda. Kada a naɗe goro da ita, kada a bar ta a aljihun rigar da za a wanke. A sa ta cikin leda a ajiye tare da katin zaɓe.