Ruwan Hoton Zuciya da Fargabar Gudan Jini

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ciwon ƙirji ya matsa masa, likita ya ce sai an yi hoton jijiyoyin zuciya, tsoronsa yakan tsaya ne a kan siririn bututun da za a zura ta wuyan hannu ko matsematsi. Ruwan da za a tura ta cikin bututun kuwa ba ya ko tambaya a kansa.

Ruwa ne mai sinadarin aidin, shi ke sa jijiya ta fito sarai a hoto. A 1958 Dakta Mason Sones na asibitin Cleveland a Amurka ya tura shi cikin jijiyar zuciya bisa kuskure, mara lafiyar ya rayu, daga nan aikin ya samo asali. Tsohon samfurin yana da zafi a jiki, yana sa tashin zuciya, amma yana hana jini daskarewa sosai. Sabon samfurin da Torsten Almén ɗan Suwidin ya share wa hanya a 1969 ya fi sauƙi, sai dai bai kai tsohon hana jini daskarewa ba. A 1987 aka ruwaito cewa jinin da ya koma cikin sirinji ya jima tare da sabon ruwan yana yin guda. Gudan nan in ya shige jijiya, bugun zuciya ne ko shanyewar ɓarin jiki.

An yi ta muhawara, har manyan gwaje-gwajen shekarar 2000 suka kwantar da hankali: sabon bai fi tsohon haɗari ba. Maganin abin kula ce: allurar hefarin mai tsinka jini, yawan wanke bututu, da hana jini kwanciya a sirinji.

Wannan aikin likita ne. Na mara lafiya yana gida, kuma a nan aka fi tuntuɓe. Wanda aka sa wa ƙarfen buɗe jijiya, ya ji sauƙi, ya ajiye asfirin da kulofidogirel don tsada, shi gudan jini ya fi fako. Ga kuma al'adar nan ta shiga kemis a Sabon Gari ko Fagge a ce “ba ni na ciwon jiki”. Magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ibufurofen suna wahalar da ƙoda, ita kuwa ƙodar ce ke tace ruwan hoton. Mai ciwon suga ko na ƙoda ya tattara duk magungunansa, har na gargajiya, ya nuna wa likita tun kafin ranar.