Yadda Labari Yake Tafiya a Maraɗi

Wanda yake son ya gane Maraɗi, ya kunna rediyo a lokacin karanta sanarwa. Zai ji an fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a faɗi sunan mamaci da unguwarsa da lokacin jana'iza, sannan a shiga jero waɗanda ake sanar wa: dangi na Tsibiri, na Madarumfa, na Ɗan Isa, na Jibiya, na Katsina, har na Kano. Mai karatu ba ya tsayawa ya ce nan Nijar ta ƙare, nan Najeriya ta fara. Jeri ɗaya ne, domin gida ɗaya ne.

Dalilin haka yana cikin tarihin garin. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajejen 1819. Shi ya sa har gobe sarautar garin sunanta Sarkin Katsina, kamar yadda Sarkin Gobir yake zaune a Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga nan. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta tarar da mutane sun riga sun ƙulla aure da ciniki da malanta. Garin da ake gani yau ma sabon wuri ne, don ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka taso daga fadama aka hau tudu. Daga nan zuwa bakin iyaka bai wuce kilomita 50 ba.

Ita sanarwar rediyo aikinta mai sauƙi ne. Mai buƙata ya je gidan rediyo da 'yar takardarsa, ko ya faɗa a rubuta masa, ya biya gwargwadon sau nawa yake so a karanta. Rasuwa, ɗaurin aure, suna, ɓatan yaro, ɓatan saniya, wa'azi, wasan dambe, duk ta ƙofar nan suke bi, kuma waɗannan 'yan kuɗin suna cikin abin da ke riƙe da tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani. Tashar FM kuwa ba ta san shingen duwan ba. Iya inda ƙarfinta ya kai, nan muryarta take sauka, ƙauyen Nijar ne ko na Najeriya. A da aikin mai shela ne da gangarsa, yana bi unguwa-unguwa. Har yanzu bai mutu ba, sai dai rediyo da WhatsApp sun raba aikin da shi.

Hanya ta biyu ita ce tasha. Direban da ya taso daga Katsina da hantsi ba fasinja kaɗai ya ɗauko ba. Ya zo da labarin inda hanya ta yi kyau da inda aka tare, da farashin buhun masara a Jibiya, da saƙon goron gayyata a ƙulle cikin leda. Kafin ya gama sauke kaya 'yan kamasho sun ji, 'yan kabu-kabu sun kwasa sun watsa cikin gari. A gefe kuma ga 'yan canji da daman naira da sefa a hannu. Ni a ganina babu ɗan jaridar da ya kai su saurin gane abin da ke faruwa, saboda duk maganar da aka yi a Abuja ko Yamai sai ta bayyana a farashinsu kafin la'asar. Baƙo daga kudu yakan ruɗe a nan, domin lissafin sefa da dala ake yin sa: sefa biyar dala ɗaya, sefa ɗari dala ashirin, dubu kuma jika. Ɗan Maraɗi yana juya lissafin nan biyu a ka ba tare da ya taɓa waya ba.

Da dare labarin yakan isa fada. Ba fadar sarki nake nufi ba, majalisar samari ce a bakin titi, da tabarma ko benci, da 'yar buta a kan gawayi. Ana dafa shayi na fari mai ɗaci, na biyu, na uku mai zaƙi, kuma kafin a kai na ukun an tace duk abin da aka ji da rana, an ware gaskiya da ƙanzon kurege gwargwadon iko. Yawancin shirye-shiryen unguwa daga nan suke tasowa: gasar ƙwallo, gayyar share magudanar ruwa kafin damina, karo-karo don bikin aboki.

Bukukuwa su ma ƙafa biyu gare su. Ganin wata kaɗai ya isa misali. Nijar tana da majalisarta da ke sanar da tsayuwar wata, Najeriya tana jiran Sarkin Musulmi daga Sakkwato, kuma akan sami shekarar da aka saɓa da kwana ɗaya. Sai ka ga ana hawan idi a Maraɗi alhali 'yan uwa a Katsina suna ɗauke da azumi, gobe kuma mutum ya tsallaka ya ci tuwon sallah karo na biyu.

Amma abin da yake tsayar da garin cak shi ne kokawa. Gasar takobi ta ƙasar Nijar an fara ta a Tawa a 1975, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokawar garin yake ɗauke da sunansa. Tsarinta shi ne kowace jiha cikin takwas ta kawo 'yan kokawa goma, a haɗu a gari ɗaya, kowace shekara a sauya mai masauki. Jiha tana karawa da jiha, amma duk wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa kokawa. Haka waɗanda ba su faɗi ba za su yi ta raguwa kullum, har a rage saura biyu. Wannan raguwar ce take hana mutane barci. Ka dubi ɗan kokawa kafin ya shiga fage: guraye da layu a damtse da ƙugu, ya duƙa ya shafi ƙasa, makaɗa suna zuga shi, shi kuma yana kirari yana nuna abokin karawa da yatsa. Idan aka yi kaye, mai magana da lasifika ya shiga karanto kyaututtuka, wane ya ba da jika kaza, wane ya ba da buhun shinkafa. A kwanakin nan mai shago yana ciniki ne da rediyo a kunne, kuma a ƙauyukan Katsina da Sakkwato ana bin kayen nan kamar a ƙofar gida ake yi. Kamar yadda kokawa take gangarawa kudu, haka finafinan Kano da waƙoƙinsu suke haurowa arewa, su cika gidajen biki.

An ga ƙarfin wannan zumunci lokacin da aka gwada datse shi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka sake rufewa, aka kuma yanke wutar lantarkin da take zuwa ta layin Katsina, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Kasuwa ta ji jiki, masu zuwa asibiti da masu kai amarya suka koma bin hanyoyin daji a kan babur, da tsada da haɗari. Sanarwar rasuwa dai ba ta fasa ambaton Jibiya ba ko da rana ɗaya.

Inda nake ganin rauni shi ne labarin hukuma. Takardar Yamai da Faransanci take fitowa, ta Abuja da Ingilishi, mutumin da dokar za ta hau kansa kuwa da Hausa yake ciniki. Kafin a fassara ta isa gare shi, jita-jita ta riga ta, ta shiga saƙon murya ta zaga waya dubu. A yankin da 'yan bindiga suke addabar ƙauyukan Madarumfa da na Jibiya, labarin ƙarya yana iya tayar da gari cikin dare. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ƙara yawan masu kai da komo.

Don haka ina roƙon gidajen rediyon Maraɗi da na Katsina su riƙa musayar labarai kullum, kowa ya sami wakili a garin ɗan uwansa, a karanta sanarwar hukumomin ƙasashen biyu da Hausa a ranar da ta fito.