Fim na tafiya, murya babu: ƙananan gutsattsarin da manhaja ke ɗauka tana cikin aiki

Duk mai zuwa wajen masu tura fina-finai a waya, a Maraɗi ko Damagaram, ya san wannan takaici: hoto na motsi tangaram, amma sauti shiru, sai MX Player ta ce ba ta iya karanta EAC3. Da yawa sukan zargi wayar ko mai turin. Alhali abin da ya ɓace wani ɗan gutsure ne na manhajar.

Manyan manhajoji ba dunƙule guda ba ne. Akwai uwa, akwai kuma ƙananan sassa da take kira sai buƙata ta taso, tana tsakiyar aiki. VLC ce misalin da ya fi fitowa fili. Ɗaliban makarantar École Centrale ta Paris, a Faransa, suka fara aikin a 1996, aka sake ta kyauta a 2001. A kwamfuta tana da ɗaruruwan irin waɗannan sassa: wannan na buɗe fayil, wancan na warware sauti, wani na rubutun ƙasan allo. In ka danna fim, sai ta duba wanda ya dace ta ɗauko shi.

Wahalar ita ce kowane tsari da yarensa. Windows na ajiye sassan a fayil mai ƙarewa da .dll, ana kiran su da LoadLibrary. Linux da Android .so suke amfani da shi, da umarnin dlopen. Kwamfutocin Apple kuma.dylib. Shi ya sa masu rubuta manhaja ke dogara da tsani irin GModule na GLib, su rubuta kira ɗaya, shi ya fassara wa kowane tsari. A iPhone kuwa Apple ba ta yarda manhaja ta sauko da sabon sashe daga waje ba, dole a haɗa komai tun farko.

Matsalar MX Player ta lasisi ce: an cire sassan wasu nau'o'in sauti, aka bar wa mutum ya nemo su da kansa. Ko nan akwai tarko, domin sashen da aka gina wa ƙwaƙwalwar waya mai 64-bit ba ya aiki a tsohuwa mai 32-bit. Tun Agustan 2021 ma Google Play ke tilasta wa sababbin manhajoji tsarin da ke ba kowace waya rabonta kaɗai. Ka tura wa ƙaninka kashi ɗaya ta Xender, tana iya ƙin buɗewa.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne manhaja na ɗaukar sashen da ta tarar da sunan da take nema, sau da yawa ba tare da bincike ba. A 2022 kamfanin tsaro na Symantec ya bayyana yadda masu kutsen Cicada suka ajiye .dll na bogi kusa da VLC ta gaskiya, ita kuma ta ɗauka ta kunna musu. Sashen sautin da wani ya jefo a zauren WhatsApp, da zarar an ɗora shi, yana samun duk izinin da ka ba manhajar, har da na shiga hotuna da fayilolinka.